Sharhin Bayan Labarai: Farin Furen da Muka Manta a Bayan Ɗaki

Sharhinmu na yau a kan wata shuka ce wadda kowa a garin Lafiya ya san launinta a tafin hannu, amma kaɗan ne suka san ƙamshin furenta.

Bari in fara da asarar da ni kaina na yi. Shekaru uku da suka wuce, cikin zafin watan Maris, na tsaya wurin wani mai sayar da furanni a bakin titi, irin waɗanda suka yawaita tun da garin nan ya buɗe, sababbin gidaje suna ta tashi daga hanyar Jos har hanyar Makurdi. Na nuna masa hoto a waya, wata 'yar shuka mai ganye ruwan toka, ta lulluɓe da fararen furanni a jikin katangar wani gida a ƙasar Girka. Ya ce yana da 'yar'uwarta. Na biya kuɗi mai tsoka, na kai ta gida, na sa ta inda duk baƙon da ya shigo zai fara gani. Safe da yamma ina ba ta ruwa kamar mai jinya. Har watan Mayu tana ta sheƙi. Da marka ta kankama a watan Agusta, sai ganyen ya koma rawaya, ya fara zuba. Da na tumɓuke ta, saiwar ta yi baƙi ƙirin, ta ruɓe, har wari take.

A ranar mahaifiyata ta zo gidan, ta same ni riƙe da gawar. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, kuɗi ne suka yi maka yawa. Farin fure mai ƙamshi kake nema? To lallen da ke bayan ɗakina fa, me yake fitarwa?" Na ce, "Inna, lalle yana fure?" Ta yi dariya har da riƙe baki. Na girma a gidan da ake da lalle, na sha daka shi a turmi idan an aike ni, amma ban taɓa ɗaga kai na kalli saman bishiyar ba.

Kafin mu koma kan lalle, ya kamata mu fahimci abin da ya kashe waccan shukar, domin ba ni kaɗai ba ne ke irin wannan asara. Ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum, irin su Girka da Italiya da Sifaniya da gaɓar Tunisiya da Maroko, tsarin shekararsu kishiyar namu ne. Can, ruwan sama a lokacin sanyi yake sauka, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Idan zafi ya zo, sama takan ɗauke ƙaf, a yi wata uku ko huɗu ƙasa a bushe. Tsirran wurin sun saba da haka: su sha ruwa cikin sanyi, su yi barci cikin zafi da saiwarsu a bushe. Shi ya sa da yawansu ganyensu ƙanana ne, masu kauri ko masu gashi-gashi, don tattalin ruwa. Mu kuwa a nan Lafiya, ruwa da ɗumi tare suke zuwa. Daga Afrilu zuwa Oktoba muna samun ruwan da ya haura milimita 1,000, mafi yawansa a Agusta da Satumba, ga laima, ga ɗumi. Saiwar da ta saba da bushewa idan ta kwana ta wuni cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ɗumi, iska ba ta isa gare ta, sai ƙwayoyin cuta na ruɓa su far mata. Wannan ne ke cin irin su labanda da danginta a gidajenmu. Mai shuka yana ganin ganye ya yi yaushi sai ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta da hannunsa.

To shi ma lalle sananne ne a waccan nahiya, sai dai a gefenta mai zafi. Ana noma shi tun zamanin da a Masar, har an samu alamarsa a gashi da farcen wasu gawarwakin da Misirawan dā suka adana. Garin Gabes da ke bakin tekun Bahar Rum a kudancin Tunisiya, inda ruwan shekara ba ya kai milimita 250, ya yi suna da lallensa har yau. Haka kudancin Maroko wajen Zagora, da Aswan a Masar, da Addamar a Sudan. Larabawa sun ba furen suna nasa na kansa, suna kiransa fagiya, Misirawa kuma suna cewa tamar hinna, abin da ke nuna cewa a wurinsu furen ba shara ba ne. A garin Kannauj na Indiya har turare ake tatsa daga gare shi. Masanin tsirrai Linniyus, mutumin ƙasar Suwidin, shi ya raɗa masa sunan kimiyya Lawsonia inermis a shekarar 1753, don karrama abokinsa, wani likita mai suna Isaac Lawson.

Yadda ya iso mu kuwa, sunansa ma ya ba da labari. Masana harshe suna danganta kalmar lalle da anella ta Buzaye, Barebari suna cewa nalle, Yarbawa kuma laali. Ka ga hanyar ayari ke nan, daga arewacin Sahara zuwa ƙasar Hausa da Borno, har ta gangara kudu. Mu da muke Lafiyar Barebari, garin da Muhammadu Dunama da jama'arsa suka kafa, ba sai an yi mana dogon bayani a kan matsayin lalle a biki ba. Daga ranar sa lalle zuwa wankan amarya, daga ƙunshin Sallah zuwa na mai jego, har dattijon da ke rina gemu yana koyi da magabata irin su Sayyidina Abubakar, duk ganyen bishiyar nan ne. Iyayenmu sun san zunguru, doguwar ƙwaryar nan da ake zura hannu a ciki a kwana da ƙunshi. Yau leda da salatif sun maye gurbinsa, amma ganyen bai canja ba.

A watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sanya al'adun lalle cikin jerin kayan gadon ɗan Adam, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16. A wannan zama ɗin ne kuma aka sanya hawan Sallah na Kano. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka gabatar da lalle, alhali da wuya a ɗaura aure a arewa ba a kwaɓa shi ba. Abin da ya fi wannan damuna shi ne a gidajenmu ma bishiyar tana ɓacewa. An zuba siminti a tsakar gida, an sare lallen kaka, an koma sayen gari a kasuwa, wani daga can arewa, wani a fakiti daga Indiya. A can Indiya kuwa, garin Sojat na jihar Rajastan ya mai da lalle babbar sana'a, gonaki ne ake nomawa ana fitarwa duniya. Mu muna saye, sannan mu ƙara da sayen furen da ba zai kai kaka ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Saboda haka ga shawarata ga duk mai son farin fure a gidansa: ya fara da lalle. Amma ya riƙe abu guda a ransa, wanda shi ne jigon wannan sharhi. Lalle ɗan ƙasar fari ne, kuma a garin Lafiya ruwa ne abin tsoronsa. Duk kulawar da za a yi masa a nan, a kan wannan ta ginu.

Mu fara da wuri. A zaɓi inda rana ke bugawa mafi yawan yini, aƙalla awa shida. Lalle a inuwar mangwaro zai yi tsawo siriri, ganye jefi-jefi, fure kuwa sai dai a ji a maƙwabta. A guji inda ruwa ke kwanciya, da ƙarƙashin indararo, da bakin kwata. Allah ya taimake mu, yawancin ƙasar garin nan mai yashi-yashi ce, ruwa yana wucewa. Wanda gidansa ke kan laka ko kusa da fadama, sai ya yi dabarar da kowane manomi a jihar Nasarawa ya sani, ya tara tudu kamar zai shuka doya. Dalilin da ya sa ba a binne doya a kwari, shi ne dalilin da zai sa a ɗaga lalle sama. A cakuɗa ƙasar da yashi da ɗan takin gargajiya wanda ya riga ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin shanu gara yake kira, gara kuwa ita ce babbar abokiyar gabar sabon dashe. Mai gidan haya ko wanda ya shafe tsakar gida da siminti, babban bokiti ko tsohuwar randa ta isa, in dai an huda gindinta da kyau, an ɗora ta kan duwatsu don ruwa ya samu hanyar fita.

Sai yadda ake samun iri. Hanya biyu ce. Akwai 'ya'yan, ƙananan ƙwallaye masu kama da masoro, kowane ɗaya cike da ƙwayoyi. Fatarsu tana da tauri, sai an jiƙa su kwana uku zuwa bakwai ana canja ruwa kullum kafin a yafa a leda ko a ɗan fili, a rufe da ƙasa sama-sama. Wannan hanya tana son haƙuri. Wadda ta fi sauƙi ita ce ta reshe. A nemi bishiyar da aka san lallenta yana kamu, domin reshe halin uwarsa yake ɗaukowa. A yanki wanda ya fara ƙwari, mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya ko fiye kaɗan. A zage ganyen ƙasa, a soke kusan rabinsa cikin ƙasa, a danna gefensa da kyau. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, Mayu zuwa farkon Yuni, ƙasa ta jiƙu amma marka ba ta zo ba. Kafin Agusta ya yi saiwar da za ta riƙe shi. Wanda ya jira sai tsakiyar marka, rabin rassansa ruɓewa za su yi. Kuma a dasa fiye da abin da ake buƙata, don ba duka ke kamawa ba. In shinge ake so, a bar tazarar kamu ɗaya tsakani. In bishiya ake so tilo don fure, a ba ta fili kamar taku biyu ta kowane gefe. A kewaye da ƙaya ko tsohon kwando, saboda akuya ba ta san amarya ba.

Batun ban ruwa shi ne inda yawancinmu muke kuskure, don muna ɗauka yawan ruwa shi ne ƙauna. A makonnin farko, a bar ƙasar da danshi kawai. Da damina ta zauna, a ajiye bokiti gaba ɗaya, aikin da ya rage shi ne duba ko ruwa ya taru a gindi a buɗe masa hanya. Da rani, bishiyar da ta shekara, bokiti ɗaya a mako ya wadatar. Kafin a zuba, a tura yatsa cikin ƙasa, in da sanyi a bari sai gobe. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi, na sabulun wanki ne ba a so. Idan hunturu ya yi tsanani, lalle yakan zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe. Kada a yi gaggawar sa masa gatari. Barci yake, da ya ji ɗumin bazara da yayyafin farko zai tofo.

Sai aski. Idan dashe ya kai gwiwa, a tsinke kansa don ya yi rassa ta gefe, in ba haka ba zai miƙe kamar sanda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka bari ba aski yana iya haura mita 4, kuma idan ya tsufa ƙarshen ƙananan rassansa yakan yi tsini kamar ƙaya, abin da ke sa shingensa ya yi wuyar ketawa. Abin dariya, kalmar inermis da ke cikin sunansa na kimiyya ma'anarta marar ƙaya.

A nan ne kuma sirrin furen yake, wanda ya sa da yawanmu ba mu san shi ba. Furen lalle a kan tsinin rassa yake fitowa, cunkus kamar zangarniya, ƙanana masu kunnuwa huɗu, fari zuwa ruwan madara, wani irin kuma da ɗan ja. Mu kuwa kullum cikin zage ganye da karya kan reshe muke, don haka bishiyar ba ta samun sararin yin fure. Maganin abin shi ne raba aiki. A dasa uku ko huɗu. Biyu na ganye, a riƙa yanka. Ɗaya ko biyu na fure, a bar su su sake, sai bayan fure ya kaɗe a rage musu tsawo. A sa na furen kusa da taga ko inda ake shimfiɗa tabarma da yamma. Wanda ya taɓa zama kusa da lalle mai fure lokacin da iskar magariba ta kaɗa, ya san ƙamshi ne mai nauyi, yana cika tsakar gida ba tare da an kunna turaren wuta ba. Ƙudan zuma ma za su zo su taya ka shaida. Kada kuma a cika masa takin zamani, musamman yuriya, don ganye zai yi ta yi, ya manta da fure, launin ma ya yi rauni.

Game da ganyen, akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa. Sinadarin da ke ba da launi, wanda masana ke kira loson, kaɗan ne a cikin busasshen ganye, bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma zafi da bushewa ne ke ƙara shi. Don haka lallen da aka tsinka a garin nan cikin marka ba zai kama kamar na Sakkwato ko na Maraɗi ba. Mai son jan ƙunshi ya yanka bayan ɗaukewar ruwa, wajen Nuwamba kafin hunturu ya kaɗe ganyen, ko kuma cikin zafin Maris da Afrilu idan ana ba bishiyar ruwa. A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, don rana tana ƙone korensa. A daka, a tankaɗe, a ajiye a rufe nesa da laima. Sinadarin yana kama furotin ɗin da ke cikin fata da farce da gashi, shi ya sa ya fi ja a tafin hannu da tafin ƙafa inda fata ke da kauri, kuma ba wanki ke fitar da shi ba, sai fatar ta saɓe da kanta cikin mako biyu zuwa uku.

Akwai gargaɗi guda uku da ba zan rufe ba tare da na yi su ba. Na farko, ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Abin da ake kira baƙin lalle, wanda ke kamawa cikin 'yan mintuna, sau da yawa rinin gashi ne mai sinadarin PPD, kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa yana iya sa ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa, har ya bar tabo. Masu zanen ƙunshi, 'yan'uwa mata, ku ji tsoron Allah a kan fatar 'ya'yan mutane. Na biyu, kada a shafa wa jariri lalle. Akwai wani ƙarancin sinadarin jini da ake gado, likitoci suna kiransa G6PD, yana da yawa a ƙasar nan, musamman ga 'ya'ya maza, kuma lalle yana iya farfasa jinin jaririn da ke da shi. Na uku, cikin furannin Bahar Rum da ake sayarwa a bakin titi akwai oliyanda, mai dogon ganye da fure fari ko ruwan hoda. Ita kam tana jure yanayinmu, amma daga ganye har itacenta guba ce ga mutum da dabba. Gidan da ke da yara da awaki ya yi nesa da ita.

Kira na ƙarshe ga masu ilimin abin. Garin nan yana da Jami'ar Tarayya ta Lafiya, yana da Kwalejin Aikin Gona, ga kuma tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a Shabu. Zai yi kyau ɗalibai su tattaro irin lallen da ya rage a tsofaffin gidaje, su gwada su ga wanne ya fi jure damina irin tamu, wanne ya fi kamu, wanne ya fi fure. Masu sayar da furanni su ma su raini lalle a leda su jera a gaba, su kuma riƙa gaya wa mai saye gaskiyar abin da zai rayu a gidansa. Makarantu da masallatai da majami'u da ke neman shinge, ga wanda ba ya cin kuɗi, kuma idan ya kafu yakan yi shekaru ashirin ko fiye ana amfana.

Ni dai da damina ta zagayo, na je gidanmu na durƙusa na ce, "Inna, a taimaka mini da reshe." Ta yanko guda biyar da hannunta, ta ce in tara musu tudu, kuma in daina shayar da su kamar jarirai. Uku suka kama. Yau biyu suna ba iyalina ganyen ƙunshin Sallah, na ukun kuwa, wanda ban taɓa sa wa almakashi ba sai sau ɗaya, ya kere ni tsawo, yana tsaye daidai inda waccan 'yar Girka ta mutu. Ranar da ya fara fure, baƙon da ya shigo ya tsaya a zaure yana tambaya daga wace ƙasa na yi odarsa. Na ce masa daga bayan ɗakin Inna.

Idan akwai tsohuwa a unguwarku da har yanzu take da lalle a gidanta, a je a gaishe ta kafin ruwan Mayu, a roƙi reshe.